Yadda Za Ka Ceci Ƙauyenku Ba Tare da An Gane Naku Ne Ba

Idan ka gama jami'a, ka zaga ofisoshin Nakuru har takalminka ya buɗe baki, kuma duk inda ka shiga tambaya ɗaya ake maka, wai me ka taɓa yi wa al'umma, to gyara zama. Matakan nan ba su taɓa ba wa kowa kunya ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tabbatar maka kafin damina ta fita za ka zama shugaban matasa masu aikin sa-kai, da riga mai tambari, da hotonka a tsakiyar yara masu murmushi. Ba labari aka ba ni ba. A Kapsoi nake, nan bakin dajin Mau, kuma a kan idona Kiptanui ɗan Tapsabei ya bi su, shinge ɗaya ya raba gonarmu da tasu. Da shi za mu yi misali.

Mataki na ɗaya: Samo waɗanda za ka ceta

Nemi mutanen da ke nesa da kwalta, masu yaren da ba a koyarwa a makaranta. Idan ka duba ba ka san kowa ba sai danginka, babu laifi, su ma mutane ne. Sharaɗin ɗaya ne, kada a san naka ne. Mai ceto daga waje yake zuwa. Wanda ya taimaki gidansu ɗa ne kawai, kuma ba a ba wa ɗa aiki a ofis don ya taimaki uwarsa.

Kiptanui ya samu wannan matakin a sauƙaƙe, domin ya daɗe da ajiye mu. Tun yana makarantar kwana yara suka ji ƙaurin hayaƙi a bargonsa, suka gano ɗan Ogiek ne daga daji, suka liƙa masa Dorobo, sunan da ake tsokanarmu da shi, wato mutanen da ba su da ko saniya. Ya sha shi har ya gama. Da ya shiga jami'a sai ya zama Tony, ɗan wani mai shagon kayan gini a Eldoret. Babansa na gaskiya kuwa ya daɗe da rasuwa, ya bar amyoyin zuma a saman itatuwa, da matarsa Tapsabei, wadda ba ta tsoron kowa.

Mataki na biyu: Tara matasa, ka raba musu muƙamai

Matashi ba ya bin ka cikin taɓo don Allah kawai, sai da muƙami. Kowa ka ba shi ɗaya. Idan muƙamai sun ƙare, ka ƙirƙiro mataimaka.

Tony ya sa wa ƙungiyarsa Fitilar Daji. Ya shaida musu cewa ya gano wani ƙauye can cikin Mau, kuma da wannan kalmar ya faɗa, gano. Wekesa, wani dogo mai kyamara, ya zama daraktan yaɗa labarai. Nyokabi, mai karatun aikin jinya, ta ƙi karɓar kowane muƙami, ta ce ita aiki ta zo yi. Ka kula da irin waɗannan, su ne ke ɓata shiri. Sai dai Tony ba zai iya barin ta a baya ba, domin rabin ƙungiyar saboda ita aka kafa. Ta taɓa cewa a gabansa namijin da ba ya amfanin kowa ba ya burge ta, shi kuwa tun daga ranar yake neman wanda zai amfana.

Mataki na uku: Riga su zuwa ka gyara talaucin

Talaucin gaskiya ba ya kyau a hoto. Yana zuwa da waya a hannu da rigar ƙwallo a jiki. Dole ka je da wuri ka gyara shi.

Tony ya samu Tapsabei a gonar dankali, ta maƙale waya a kafaɗa tana faɗa da direban da ya ƙi zuwa ɗaukar kaya. Ya jira ta gama.

"Inna, zan kawo baƙi."

"Mace ce?"

"Mutane ne da yawa. Za su taimaki gari."

"Da me?"

"Da wayar da kai."

Ta miƙe ta dafa ƙugu. "Kan wa ya yi duhu?"

Ya shiga jero buƙatunsa. A sauke farantin sola daga rufi. A tura talabijin ƙarƙashin gado. A cire hoton yayarsa na ranar da ta gama makarantar malanta. Ita kuma ta yafa mayafinta na fatar rema, wanda ba ta fito da shi sai ranar biki, kuma kada ta yi Suwahili ko kalma ɗaya, sai yarenmu. Duk tana jin sa tana kakkaɓe ƙasa daga dankali. Sai ya zo kan na ƙarshe, murya ta yi ƙasa.

"Kuma kada ki nuna kin san ni."

"Ban ji ba."

"Na 'yan kwanaki ne kawai, Inna. Idan aikin nan ya samu, ke za ki fara jin daɗinsa."

Ta dube shi tun daga gashi har takalmi, ta daɗe tana duba. "To me zan kira ka?"

"Tony."

"Sunan karen fasto ke nan." Ta koma ta duƙa. "To, Yallaɓai Toni. Tsani yana bayan ɗaki. Ka sauke da hannunka."

Ka lura, ta yarda. Idan uwa ta yarda da sauri haka, ka gode wa Allah ka wuce. Kada ka tsaya tunani.

Mataki na huɗu: Nemi tafinta

Mai ceto ba ya jin yaren waɗanda yake ceto. Ko da a cikinsa aka yi maka waƙar reno, ka ɗaure fuska ka jira a fassara maka.

Tony ya ɗauki Kawu Sigilai, ƙanen Tapsabei, tsohon direba wanda ya yi shekaru a Nairobi kuma ba abin da yake so a duniya kamar a ba shi dama ya yi jawabi. Ranar da baƙi suka iso, motar hayar da muke kira matatu ta sauke su a bakin rafi, suka tsallako kan gungumen da muke kira gada, jakunkuna a ka, suna santsi. Gari duka ya fito, domin kowa ya ji shirin, kuma ba wanda yake so a ba shi labari.

Tony ya yi jawabi da Turanci, ya ce sun zo ne su koya daga gare mu. Tapsabei ta fito cikin fatar rema kamar sarauniya, ta tsaya gabansa, ta yi magana da yare.

"Ka gaya wa mai siraran ƙafafun nan wandonsa ya matse shi, shi ya sa jini ba ya kai wa kansa."

Kawu Sigilai ya gyara murya. "Tsohuwa ta ce albarka tana bin ƙafafun da suka tako ƙasarmu."

Baƙi suka tafa.

"Ka gaya masa ni na wanke masa gindi har ya fara makaranta, kuma ko a lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya."

"Ta ce tana kallon shugabanku kamar ɗan da ta rena da hannunta."

Nyokabi ta dafa ƙirji. Tony ya yi murmushi ya sunkuyar da kai yana godiya, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Mu kuwa dariya ta ci ƙarfinmu, tsofaffi suna riƙe juna. Daga baya Wekesa ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa bai taɓa ganin mutane masu farin ciki irin namu ba, duk da ba mu da komai.

Mataki na biyar: Tambayi buƙatunsu, sannan ka yi abin da ka zo yi

Wannan matakin yana da muhimmanci, domin ana son a ji cewa ka saurari jama'a. Saurare ba ya cin komai.

Aka tara mu a filin makaranta aka tambaye mu abin da ya fi damun mu. Dattawa suka ce gada. Mata suka ce gada. Shugaban makaranta ya ce idan rafi ya cika, rabin ajinsa yana tsallake yana kallon sa, dankali kuma yana ruɓewa a wannan gefen yayin da mota take jira a wancan. Aka gode mana ƙwarai. Washegari aka buɗe kwalaye aka fito da fenti da 'ya'yan itatuwa na dashe. Aka koya mana amfanin itace, muna zaune a inuwar daji. Aka shafe bangon makaranta, wanda masu ceton bara suka shafe, har bangon ya fara yin ƙiba.

A ba su haƙƙinsu, yaran sun yi aiki. Hannun Nyokabi ya yi kanta, sanyin Mau ya kama su, ba wanda ya gudu. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Tony. Yakan bi hanyar da ya san ba ta ɓullewa don kada a ce ya san gari. Da aka kawo ugali, wato tuwon masara, da zuma cikin saƙarta, ya ɗaga saƙar ya tambayi Kawu da Turanci ko ana cin wannan. Tapsabei ce ta miƙo masa. Ta tsaya har ya sa a baki.

Mataki na shida: Kada ka bar baƙi su kaɗai da 'yan gari

A nan Tony ya yi sakaci, kuma ka ga abin da ya biyo baya.

Yana can yana duba fenti, Nyokabi ta shiga ɗakin girki ta zauna tana taya Tapsabei fere dankali. Kawu Sigilai yana gefe da kofin shayi. Hira ta yi hira, sai yarinyar ta tambaya.

"Mama, 'ya'yanki nawa?"

"Mace tana koyarwa a Kericho. Namijin ya ɓata."

Kawu ya ajiye kofi ya dubi yayarsa. Ta dube shi ita ma. Sai ya fassara yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi, karo na farko tun da aka ɗauke shi aiki.

"Ya ɓata yaya, Mama?"

"Karatu ya tafi Nakuru, bai dawo ba. An ce akwai wani mai kama da shi yana yawo, amma ba shi ba ne. Sunansa Kiptanui."

Nyokabi ta fito da wuƙar fere a hannu, ido jawur, ta samu Tony a gindin tsani.

"Tony, muna nan muna wasa da fenti, matar nan ɗanta ya ɓace."

Ya ce, "Irin waɗannan yaran da kansu suke dawowa."

"Haka za ka ce? Da mahaifiyarka ce fa?"

Kafin rana ta karkata, ƙungiyar Fitilar Daji ta yi taro ta ajiye fenti, ta yanke shawarar neman Kiptanui. Aka naɗa Tony shugaban kwamitin nema, ba hamayya.

Mataki na bakwai: Idan nasara ta zo, kada ka tambaye ta hanyar da ta biyo

Tapsabei ta ba da hoto ɗaya, na wani yaro mai aski ƙwal, riƙe da ɗan akuya, gwiwoyinsa sun fi cinyoyinsa kauri. Wekesa ya haɗa shi da hotonta cikin fatar rema, ya rubuta Mu Nemo Kiptanui, ya hau tudu inda waya ke kamawa ya sake shi.

Abin da dashen itace bai yi ba, ɓataccen yaro ya yi. Cigiyar ta zaga wayoyin mutane. Wani ya ce ya gan shi yana tura baro a Mombasa. Wata ta ce shi ne ya sace mata waya a Kisumu. Wani fasto ya gan shi a mafarki cikin farin kaya, ya ce a yi haƙuri. Tony a matsayinsa na shugaba dole ya tsaya gaban kyamara ya ce, "Kiptanui, duk inda kake, mahaifiyarka tana jiran ka." Wekesa ya sa shi ya yi ta maimaitawa, wai ba ya sa zuciyarsa a ciki.

Sai ga waya daga wata babbar ƙungiya a Nairobi. Sun ga aikinsa, yana burge su, suna neman matashi mai irin wannan tausayin ya riƙe musu shiyya guda. Ya zo su gana da zarar ya sauko daga daji.

Ka ga ni ban yi maka ƙarya ba. Abin da ya rage wa Tony kawai shi ne ya ci gaba da neman kansa, ya kuma tabbatar bai samu ba.

Amma ya kasa zama. Ya faki idon mutane ya tare Tapsabei a bayan ɗakin girki tana tsinto itace, ya yi mata magana da yare cikin raɗa.

"Inna, don Allah ki ce an same shi. Ki ce ya bugo waya, yana lafiya."

Ta dube shi kamar yadda ake duban mai tallan maganin gargajiya a tasha. Ta ɗaga murya.

"Sigilai, zo ka ji abin da baƙon nan yake cewa."

Mataki na takwas: A taron bankwana, toshe kunnenka

Wannan shi ne matakin ƙarshe, kuma shi ya fi kowanne sauƙi. Za a yi jawabai, za a ba ka kwalbar zuma, za ka ɗaga hannu ka shiga mota. Abin da ake buƙata daga gare ka shi ne ka tsaya kamar ba ka jin abin da ake faɗa.

Da tsakar rana aka yi taron, a gaban bangon da aka shafe. Nyokabi ta roƙi Tapsabei ta aika wa ɗanta saƙo, Wekesa zai ɗauka, wataƙila ya kai gare shi. Tsohuwa ta fito, Kawu a gefenta, mu kuma muka gyara tsayuwa muna jiran dariya.

Da dariyar ta fara. Ta ce yaron yana da tsoron ƙudan zuma, abin kunya ga ɗan mai amya. Ta ce idan an gan shi za a gane shi da cin abinci kamar ana korar sa. Kawu yana fassarawa yana ƙara gishiri, baƙi suna murmushi. Da ta ci gaba, muryar ba irin ta ɗazu ba ce, kuma ba kyamara take kallo ba, ƙasa take kallo.

"A gaya masa na san abin da suka yi masa a makaranta. Bai faɗa mini ba, amma na ga yadda yake wanke bargonsa idan ya zo hutu, har hannunsa ya yi jini. A gaya masa idan ƙaurin hayaƙi ne, zan yi wanka. Idan hujin kunnena ne, zan rufe da ɗankwali. Idan ya zo da abokansa zan tsaya a bayan ɗaki har su tafi, ba zan ji haushi ba. Amma kafin ya tafi, ya zagayo bayan ɗakin ya kira ni yadda yake kira na, ba don yana neman wani abu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu Sigilai ya buɗe baki, ya rufe, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Mutumin da bai taɓa rasa jawabi ba ya juya wa taro baya.

Nyokabi ta dubi wannan ta dubi wancan. "Me ta ce? Wani ya gaya mana mana."

"Ta ce ta san abin da suka yi masa a makaranta."

Tony ne. Da Suwahili ya faɗa, yana tsaye inda yake, kwalbar zuma a hannu. Ya ci gaba ya fassara musu duka, da bargon, da hayaƙin, da ɗankwalin. Da ya zo kan bayan ɗaki sai ya bar fassara. Ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya taka zuwa gabanta, ya ce da yarenmu, yadda kowa zai ji, "Inna."

Wekesa ya sauke kyamara ba tare da an ce masa ba.

Nyokabi ba ta ɗaga murya ba. "A gabanka na yi kuka, kana kallo na."

Ya ce, "Haka ne."

Tapsabei ta juya wurinta, ta yi mata magana da Suwahili mai kyau wanda ya sa sauran baƙin suka dubi juna. "'Yata, ku kuka yi cigiya. Shi ne?"

"Ke za ki gaya mana, Mama."

Tsohuwa ta zagaya shi a hankali, kamar mai duba ɗan maraƙi a kasuwa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗora a kansa, dole ya sunkuyo domin ta kai.

"Shi ne. Ramewa ya yi." Ba ta ɗauke hannun ba. "Tun da ka zo ban taɓa ka ba."

Matatu ta tafi da yamma babu shi. Mutanen Nairobi ba su sake kira ba, shi ma bai neme su ba. Nyokabi ta karɓi ƙungiyar, ta daina ɗaukar wayarsa. Da rani ya shigo sai ga su sun dawo da siminti da rodi, ba fenti ko gwangwani ɗaya, muka haɗu da su a bakin rafi muka yi gadar. Kiptanui yana cikin masu ɗaukar dutse, a layin 'yan gari. Nyokabi takan sauka a ɗakin Tapsabei, su yi ta hira ba tafinta. Shi kuwa Nyokabi tana kiran sa da cikakken sunansa, fuska a ɗaure, idan dutse ya ƙare. Ya ce mini yana ganin ta fara saukowa. Ni ban ga alama ba, amma ban faɗa masa ba.

Gargaɗi

Kamar yadda ka gani, laifin ba na matakan ba ne. Kiptanui ya lallaɓa ya wuce bakwai, na takwas ya kayar da shi, kuma hakan rauninsa ne shi kaɗai. Don haka marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin aikin da ya kuɓuce, ko budurwar da ta daina amsa waya, ko tafintan da ya fashe da kuka a bakin aiki. Wanda kuma ya fi Kiptanui taurin zuciya, ya bi matakan har ƙarshe, ya samu ofis da mota, ya wayi gari ba shi da uwa, kada ya nufo ni. Ɗaya gare ni, kuma ba na ba da aronta.